Dunƙulen Shinkafa Uku na Iya Hatsue

A kan teburin ɗinkin Myojin Tokiko akwai wani ƙaramin sikeli da aka saya don auna lemun yuzu. Tun watan Janairu na shekarar da ta cika hamsin da bakwai, lemo bai ƙara hawa kansa ba. Abin da ke hawa shi ne cokali, da safa, da ƙullin gishiri, da buroshin haƙori wanda ta yanke wa rabin mariƙi da zarto. Duk abin da ta auna sai ta tsura masa ido na ɗan lokaci, kamar tana jira ya faɗa mata dalilin da zai sa ta hau dutse da shi.

Yayanta Genzo, mai gyaran injinan yankan katako a gindin gada, ya shigo wata safiya don ta ɗinke masa aljihun wando, ya tarar da buroshin a kan sikeli.

"Toki, wa ya gutsure wa wannan wutsiya?"

"Ni. Giram tara na rage."

"Giram tara," in ji shi, yana jinjina kai kamar an faɗa masa rasuwa. "Ki aske gashin kanki mana, ki samu hamsin."

Da ya dawo karɓar wandonsa washegari, ya same ta da kai kamar na sabon soja. Ba ta ko ɗago daga ɗinkinta ba ta ce masa sittin da biyu ne, ba hamsin ba.

Duk wanda ya haura shekara saba'in a kwarin Obatani yana da labarin yadda ya raini Tokiko, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Tana 'yar shekara biyar gungumen itace ya danne mahaifinta a wurin saran katako. Uwarta ta tafi bakin teku aikin masana'antar kifi, sai ƙarshen wata ake ganinta. Aka kai Genzo gidan kawunsu, aka bar yarinyar, 'yar firit mai ciwon asma, tana cin abinci gida-gida. Inda ta fi kwana shi ne gidan Iya Hatsue, a ƙarshen gari, inda hanya ke fara hawa. Da ta gama makaranta, mutanen kwari ne suka haɗu suka saya mata keken ɗinki. Da ta yi aure, su suka yi mata rufin ɗaki. Da mijinta ya rasu a tsakiyar kakar lemo, kafin ta gama karɓar gaisuwa an tsinke mata gonarta tas, an jera a akwatuna. Ba ta taɓa sunkuyawa za ta ɗaga abu mai nauyi a idon jama'a ba sai ta ga wani hannu ya riga ta kama ɗaya gefen. Har ta yi furfura "Tokinmu" suke ce mata. Tana son su, babu wasa a ciki. Amma akwai ranakun da son nan ke zame mata kamar bargo uku a tsananin zafin da ake yi a can a watan Agusta.

Sana'arta ɗinkin jakunkuna da dogayen hannayen riga ce ga masu tsinkar yuzu, da wani yadi mai kauri wanda ƙayar lemon, mai tsawon ɗan yatsa, ba ta iya hudawa. A shagon ɗinkinta ne, shekara uku kafin zuwan sikelin, wata mata ta tsaya da keke a watan Oktoba, daga ita har keken sun yi rini da taɓo, jakar da ke ɗaure a bayan sirdi ta yage. Tokiko ta ɗinke cikin minti goma, ta ce a bar kuɗin. Matar ta ƙi, ta ajiye yen ɗari takwas a kan tebur, ta ce ba rashin kunya ba ne, doka ce. Tsere suke yi, kilomita dubu da ɗari uku a hanyoyin tsakuwa na kan duwatsu, kowa da wurin kwanansa da abincinsa a jikin kekensa. Abin da duk mai wucewa zai iya saya ko ya samu, ya halatta. Abin da wani ya tanada maka don ya san ka, ko kofin ruwa ne, ka taɓa ka fita daga tsere.

"Gobe zan wuce ta ƙofar gidan mahaifiyata," in ji ta, tana ɗaure jakar. "Hannu kawai zan ɗaga mata."

Tokiko ta tsaya a bakin ƙofa har matar ta ɓace a kwana. Daga nan ta wuce rumbun bayan gida, ta janyo keken ƙarfe na marigayi mijinta daga ƙarƙashin tsofaffin buhuna.

Shekarar farko turawa ta fi hawa yawa. Takan tashi da hantsi ta nufi hanyar masu katako da ke bayan gari, ta dawo da gwiwa a kuje. Mai shagon kekuna a birni ya ɗaga keken da hannu biyu, ya ce, "Uwargida, wannan ai sai dai a yi gada da shi," ya nuna mata wani marar nauyi mai tsadar ƙaramar mota. Ta saya wa nata tayoyi masu faɗi da giya mai sauƙin hawa, ta koyi zuba ruwan danƙon da ke toshe huda da kansa, ta dawo da abinta. Jakunkuna kuwa ba ta ko tambayi kuɗinsu ba. Ta yanka su daga yadin masu tsinkar lemo: ɗaya mai kusurwa uku a cikin keken, doguwa a bayan sirdi, naɗaɗɗiya a gaba. Kowace ta gama sai ta cusa mata jarida ta jefa a kogi. In jaridar ta jiƙe, ta farke ta sake. Ta farko sai da ta farke ta sau bakwai.

A shekara ta biyu ta fara cika jakunkunan da duwatsun kogi, kilo goma, ta haura da su, ta sauko da su, ta mayar inda ta ɗebo. Cikin hunturu takan tsoma hannuwanta a kogi har su sandare, sannan ta zauna a kan dutse ta cire taya ta mayar, don ta san a kan dutse ba da hannu mai ɗumi faci ke samun mutum ba. Ta koyi cin abinci tana tafe. Ta koyi cire matsattsaku daga ƙwauri da gishiri ba tare da ta sauka ba. Ta gano cewa safa biyu sun isa, riga ɗaya ta isa, amma man shafawa inda jiki ke gugar sirdi ba a yi masa rowa.

Abin da ta kasa koya shi ne yadda za ta fita daga Obatani ita kaɗai. In tana hawa, sai 'yar farar motar wani manomi ta ɓullo a bayanta tana rarrafe, mai ita ya ce wai itace ya zo dubawa. In ta jingine keke ta shiga bayan gida, ta dawo ta tarar da busasshen dankali a jakarta. Ranar da ta gwada buhun barcinta a tsakar gida cikin ruwan sama, da gari ya waye ta buɗe ido ta ga lema a kafe a kanta, an tokare ta da duwatsu. Ta bi gari da lemar tana tambaya, kowa ya ce bai taɓa ganinta ba.

Masu shirya tseren ba sa ba sabon shiga lamba sai ya ci hawan gwaji: kilomita ɗari huɗu cikin awa arba'in da takwas, da dokar tsere sak, sau ɗaya a shekara, a watan Mayu. Wanda ya faɗi ya jira baɗi. Tokiko ta san gwiwarta ta hagu, ta san baɗi ba abin da za ta dogara da shi ba ne. Da taswirar gwajin ta fito a watan Afrilu, ta bi jan layin da ɗan yatsa, sai ga shi ya gangaro ta kan dutsen gabas ya ratsa tsakiyar Obatani a kilomita ta ɗari biyu da saba'in.

Ta sayi ƙananan tawul talatin da huɗu, adadin gidajen da har yanzu ake hura wuta a cikinsu, ta naɗe kowane a farar takarda kamar yadda mai zuwa roƙon alfarma ke yi. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta rusuna, ta ce abu guda take roƙo: ranar da za ta wuce, kada wanda ya ba ta komai, kada wanda ya taɓa ta ko kekenta, ko da sun ga ta faɗi. Wasu suka yi dariya. Wata ta yi kuka. Genzo ya goge hannunsa mai baƙin mai da tawul ɗin nan take, ya ce shi dama ba shi da niyya.

Gidan Iya Hatsue ta bari a ƙarshe. Tsohuwar tana da shekara tamanin da takwas, bayanta ya lanƙwashe har sai ta karkata kai take ganin fuskar mutum. A ƙofar gidanta akwai benci, kuma shekara sittin ke nan babu mai ziyarar ɗakunan ibada, cikin farar rigarsa da sandarsa, da ya wuce bencin nan hannu wofi. Kyautar hanya ce, wadda suke kira osettai, kuma ba a mayar da ita, don wanda ya ƙi karɓa ya hana mai bayarwa ladansa.

Iya ta saurara har ƙarshe, ta ajiye tawul ɗin a gefe ba ta kwance ba.

"Wa ya kafa dokar?"

"Masu tseren, Iya."

"Shekarunsu nawa?"

"Ba su fi arba'in ba."

"To bencina ya girme su. Na ba ɓarawo abinci a nan, na ba wani Bature mai warin ƙafa. Ke ce za ki wuce da yunwa a ƙofata?"

"In na kowa ne, zan iya ɗauka. In don ni kika dafa, shi ne ba zan iya ba."

"Ji min shirme. Na baƙo ya halatta, na uwa ya haramta."

"Abu ɗaya nake so in yi da ba hannun kowa a ciki, Iya. Ɗaya tak, kafin in mutu."

Tsohuwar ta karkata kai ta dube ta.

"Hannun namu ƙazanta ne?"

Duk amsar da ta zo wa Tokiko, ta ga ko dai ƙarya ce ko kuwa wuƙa. Ta rusuna ta fito.

Aka tashi ranar Asabar da tsakar rana daga wani gari na bakin teku, su talatin da ɗaya, kowa da 'yar na'ura a jaka mai nuna inda yake a matsayin ɗigo a wayar duk mai son kallo. Ita ce babba a cikinsu, kekenta ne mafi nauyi, jakunkunanta kaɗai ke da launin gona. Kafin la'asar aka tsuge da ruwa. Samarin da suka wuce ta da gudu a hawan farko ta riƙa tarar da su a gefen hanya suna juye jakunkuna masu tsada suna matse safa, nata kayan kuwa a bushe. Ta yi barcin awa uku a rumfar jiran mota, ta ci gaba. Komai na tafiya yadda ta tsara a 'yar takardar da ta manna a gaban keke.

A takardar an rubuta: kilomita ta 215, shagon Nakagoshi, sayi abincin yini guda. Shago ne da ta sani shekara talatin, ba ya rufewa ranar Lahadi, shi ya sa ba ta ɗauko nauyin abincin kwana biyu ba. Ta iso da ƙarfe tara na safe ta tarar da ƙofar ƙarfe a sauke, an manna mata takarda da rubutun hannu: "Yau babu ciniki. Mun tafi Obatani kallon Toki."

Ta karanta sau biyu. Ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. Ta buɗe jaka ta duba abin da ya rage: rabin busasshen dankali, da ƙullin gishiri. Tsakaninta da Obatani kilomita hamsin da biyar ne da hawa biyu, kuma shagon Obatani ya shekara shida a rufe.

Hawan farko dankalin ya kai ta. A na biyu ƙafafunta suka zama kamar na aro. Ta sauka ta riƙa turawa, taki hamsin ta tsaya, taki hamsin ta tsaya, tana lasar gishiri tana kora shi da ruwan rafi. Hanya ta fara yi mata iyo a ido. A gangaren ta kusa kifawa sau biyu, don yatsunta sun daina jin birki. Wajen ƙarfe huɗu ta sha kwanar ƙarshe, sai ga kwarin a ƙasa, da rufin gidanta, da hayaƙi.

Duk suna nan. Tun daga gada har ƙarshen gari sun jeru a gefen hanya cikin rigunan ruwa, kowa ya maida hannuwansa baya ya harɗe, kamar 'yan makaranta a gaban shugaba. Sun cika alkawari. Babu wanda ya matso. Mai shago Nakagoshi na cikinsu da matarsa, bakinsa har kunne, yana cewa, "Kin gan mu, Toki? Tun safe muke nan." Ta ɗaga masa kai, ba ta da ƙarfin da za ta kashe a kan wata magana.

A ƙarshen gari, inda hanya ke fara hawa, an janyo bencin daga jikin bango an gindaya shi a tsakiyar hanya. Iya Hatsue na zaune a kai ƙarƙashin lema, Genzo na tsaye a gefenta da fuskar wanda aka sa aiki dole. A cinyarta akwai ƙunshin ganyen gora, a buɗe, da dunƙulen shinkafa uku, har yanzu suna tururi.

Tokiko ta taka birki ta sa ƙafa ƙasa. Ƙanshin ya shige ta har yawu ya cika mata baki.

"Osettai," in ji Iya, ta miƙo da hannu biyu.

Genzo ya dubi fuskar ƙanwarsa, wasan da ke tasa fuskar ya gudu.

"Yaushe rabonki da abinci?"

"Da safe."

"Ba ki tsaya wurin Nakagoshi ba?"

"Ga Nakagoshi can a bayanka, Yaya."

Ya waiwaya, ya gane, ya zagi wani abu ƙasa-ƙasa. Ya matso har inda alkawari ya bar shi, ya rage murya.

"Ɗauki ki ci. Abin nan da ke jakarki ɗigo kawai yake nunawa, ba shi da ido, ba shi da hanci. Duk garin nan babu mai faɗa."

"Ni zan sani."

"To Iya, ki ce na kowa ne. Ki ce duk wanda ya wuce za ki ba shi. Shi ke nan fa, dokarsu ta cika. Ko ba haka ba, Toki?"

Haka ne. Tokiko ta dubi tsohuwar, kuma a ranta, ita ta san wannan, roƙo take yi a faɗa. Kalma biyu kawai. Da an faɗa, da ta cinye har ganyen.

"Iya, wa kika dafa wa?"

Iya Hatsue ta karkata kai.

"Mutum goma sha tara sun wuce nan tun safe, shayi na ba su. Wannan na cire wa tsamiyar da ake cusawa a tsakiyarsa ƙwallo, don tun kina shekara biyar kike ƙwarewa da shi. Ke na dafa wa. Ba zan yi ƙarya a kan bencina ba don wasu yara sun rubuta takarda."

Ruwa na ɗiga daga bakin lemar. Tokiko ta sauka daga keken gaba ɗaya, ta haɗa ƙafa, ta rusuna har goshinta ya kusa taɓa sirdi, ta daɗe a haka.

"Na gode, Iya. Ba zan karɓa ba."

"Shekara sittin ba a taɓa mayar mini ba."

"Na sani."

"To bi ta kaina ki wuce."

Bencin ya cika hanya, gefe ɗaya bango, gefe ɗaya magudanar ruwa. Tokiko ta sunkuya ta sa kafaɗa a cikin keken, ta ɗaga shi da kayansa, kilo ashirin da uku, ta shiga magudanar, ruwa har ƙwauri. Ta ga hannun Genzo ya baro bayansa ya taho, ta dube shi, ya mayar. Ta fito ta ɗaya gefen, ta dire keken, ta hau. Ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya ta sauka ke nan.

Kilomita ashirin da biyu ne daga nan zuwa madatsar ruwa, inda injin sayar da abin sha ke tsaye shi kaɗai a gefen hanya. Ba ta iya tuna yawancinsu. Ta tuna ta yi amai babu komai a ciki. Ta tuna ta riƙa yi wa keken magana da sunan mijinta. Da ta iso, yatsunta suka kasa riƙe tsabar kuɗi, sai da ta tsince su daga taɓo sau biyu. Ta sha gwangwani huɗu na miyar masara mai zafi a tsaye, ta cusa shida a jaka, ta zauna ta jingina da injin ta yi kukan da ta hana kanta a gari. Sannan ta share fuska da safar hannu ta tashi.

Ta isa ƙarshen gwajin ranar Litinin da ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin, saura minti arba'in lokaci ya cika. Cikin talatin da ɗaya, sha bakwai suka iso, ita ce ta sha shida. Wata mata mai riƙe da takarda ta yi mata tambayar da ake yi wa kowa, ko ta karɓi wani abu daga hannun wanda ta sani. Ta ce a'a. Aka miƙo mata lambar tseren Oktoba, arba'in da ɗaya, a kan wani ɗan farin ƙyalle.

A Obatani an yi murna, amma da sauƙi-sauƙi. Wasu na ganin ta yi abin da ba a taɓa yi ba, wasu na ganin ta yi abin da ba a yi. Nakagoshi ya zo da kwalin biskit yana ba da haƙuri, ta karɓa, tunda yanzu ba a kan keke take ba. Genzo ne ya ba ta labarin abin da ya biyo bayan tafiyarta. Wani saurayi daga arewa ya iso bayan rabin awa, yunwa ta kusa kayar da shi, ya ga shinkafar a cinyar Iya ya tsaya. Ta ba shi shayi da biskit, ta ƙunshe ganyen, ta ce wannan da mai shi.

"Ku biyun nan," in ji Genzo, "da an haɗa kawunanku an fasa dutse da su, da tuni hanyar gabas ta samu kwalta."

Mako uku Iya ba ta amsa gaisuwarta. Tokiko takan wuce da safe za ta hawa, ta tsaya a gaban benci ta gaishe ta, tsohuwar ta ci gaba da tsintar wake. Ba ta daina tsayawa ba, ba ta kuma ba da haƙuri ba, don ba ta ga yadda za ta ba da haƙurin abin da za ta sake yi gobe in ta kama ba.

Wata safiya a watan Yuni ta gaishe ta kamar kullum, har ta sa ƙafa a feda, sai ta ji an ce, "Jingine wannan abin ki shigo."

A kan ɗan teburin tsakar ɗaki akwai faranti da dunƙulen shinkafa uku. Daga gani sun daɗe a cikin ƙanƙara an ɗumama su, gefensu ya bushe, ɗaya ya tsage.

"Na ranar ne?"

"Suna cinye mini wuri a firji. Ba na cin abin da na riga na bayar, ba na kuma zubar da shinkafa. Zauna. Kada ki ɗauka osettai ne, wannan ladan kin riga kin ƙona mini shi. Ragowa ce."

Tokiko ta durƙusa ta haɗa tafin hannu, ta ɗauki na farko. Babu ƙwallo a tsamiyar. Ta tauna, ta haɗiye da ƙyar, ta kai hannu ga kofin shayi.

"Gishiri ya yi yawa, Iya."

"Ga mai zaman ɗaki, ya yi yawa. Wadda ta yini tana zufa na dafa wa."

Tokiko ta cinye na biyu, ta cinye na uku, ta tsince ƙwayoyin da suka manne a faranti. Iya na kallonta ta gefen ido.

"Na Oktoban ma ta nan zai bi?"

"Ba a fitar da taswira ba tukuna."

"In ya biyo, zan dafa."

"Ni kuma zan wuce."

"Ki wuce mana. Magudanar na nan."

Tokiko ta wanke farantin ta kife, ta fito ta hau. Da yamma Genzo ya leƙo shago ya tarar da ɗan farin ƙyallen lambar a kan sikelin lemo, tana yanke masa gefe da almakashi.